Me ya hana a ƙera na'urar gano kayan nukiliya mai girman waya a raba wa kowa?

Salam ɗan uwa. Tambayarka in na fahimce ta biyu ce a haɗe, kace ka ga ana sayar da ƴan ƙananan Geiger ɗin nan masu ƙara kit-kit-kit in an kai su kusa da abu mai radiyeshin, to me yasa ba za a raba wa jami'an tsaro na boda da tashoshin jirgin ruwa irinsu ba kowa ya huta, sannan kai da kake karatun injiniyan lantarki in kana so ka shiga harkar ƙera irin waɗannan na'urori ta ina zaka kama. Na daɗe ina aiki da su a ɗakin gwaji, don haka bari in baka amsa yadda na san abin, amma zata ɗan yi tsawo ka yi haƙuri.

Jin radiyeshin ba wani aiki bane. Wahalar gaba ɗaya tana wajen sanin radiyeshin ɗin na mene ne, da kuma hana na'urar ihu a banza.

Shi Geiger tun 1928 Hans Geiger da Walther Müller suka gyara shi ya zama yadda muka san shi, bututu ne da gas a ciki da siririyar waya a tsakiya da aka ɗora wa wuta kamar volt 400 zuwa 500, duk lokacin da radiyeshin ya fasa ƙwayar gas ɗin sai wuta ta yi tsalle, ka ji kit. Matsalar ita ce kowane kit girmansa ɗaya. Gamma (nau'in radiyeshin mai ratsa abubuwa) mai ƙarfi, gamma mara ƙarfi, na yuraniyom, na dutse, a wurinsa duk ɗaya ne wai makaho ya yi dare. Ƙirga kawai ya iya. Ƙari a kan haka gas ba shi da kauri, gamma ɗari in suka ratsa bututun kamar ɗaya kawai yake kamawa sauran su wuce abinsu. Don auna ko wuri na da haɗari ko hannunka ya gurɓata yana da kyau sosai, ina amfani da shi kusan kullum, amma aikin tsaro ba nasa bane.

Dalili kuwa duniyar nan cike take da radiyeshin na halitta. Takin zamani mai potash yana da potasiyom-40. Tayil da kayan tangaran da dutsen giranit suna ɗauke da ɗan yuraniyom da toriyom da Allah ya halitta a ƙasa. Mutumin da aka yi wa hoton zuciya ko na ƙashi da teknishiyom-99m zai iya tada na'ura in ya wuce a ranar ko washegari tunda rabin rayuwar sinadarin, wato lokacin da radiyeshinsa ke ɗauka ya ragu zuwa rabi, awa 6 ne, wanda kuma aka ba ayodin-131 don ciwon maƙoƙo shi makonni zai yi yana tada ta saboda nasa kwana 8 ne. Har ruwan sama ma, in aka fara shi yana wanko ƴaƴan gas ɗin radon daga iska ya sauke su ƙasa sai ka ga ƙirgen na'ura ya ɗaga na ɗan lokaci. To ka ɗauki jami'in kwastan da abu ke ta kuka a ƙugunsa sau ashirin a yini kuma duk sau ashirin ɗin tayil ne ko taki, me kake zato zai yi? Zai rage ƙarar, gobe ya kashe ta, jibi ya barta a durowa. Mutum ne. Ni a ganina na'urar da ke cikin durowa ta fi rashin na'ura muni don a takarda an rubuta cewa wurin yana da kariya.

Abin da ya cece mu shi ne kowane sinadari gamman da yake fitarwa yana da ƙarfi takamaimai da baya canzawa, kamar zanen yatsa. Ana auna shi da ma'aunin ƙarfi da ake kira keV. Siziyom-137 nasa 662. Kobal-60 guda biyu yake fitarwa, 1173 da 1332. Potasiyom-40 na kan 1461, amerisiyom-241 kusan 60, yuraniyom-235 kusan 186, teknishiyom ɗin asibiti 140. Kaga in na'ura zata iya auna ƙarfin kowane gamma ɗaya bayan ɗaya ta jera su a zane, sai ka ga tuddai sun taso a wuraren da sinadarin yake, daga nan manhaja ta duba kundinta tace wannan taki ne bar shi ya wuce, wannan kuma siziyom ne ja da baya. Wannan zanen shi ne sifektiram, kuma kusan duk kokawar da masu ƙera na'urorin nan ke yi a kan yadda tudun zai fito siriri ne mai tsini maimakon ya baje.

Anan ne maganar kiristal ta shigo, kuma nan ne zuciyar na'urar.

Tsohon dokin aikin shi ne sodiyom ayodayid da aka sa wa ɗan taliyom, Robert Hofstadter ya nuna amfaninsa a 1948 kuma har yau shi yafi yawa a hannun jami'ai. Gamma in ya shiga cikinsa sai ya yi wani ɗan walƙiya da ido baya gani, yawan hasken daidai da ƙarfin gamman, kamar ƙwayar haske 38,000 a kowane keV 1000, sai wani abu a bayansa ya maida hasken sigina ta lantarki. Yana da araha, ana iya yin babba, yana kama gamma sosai. Aibinsa idonsa bashi da kaifi, a kan 662 faɗin tudunsa kusan kashi 7 cikin ɗari ne wato kamar keV 45, duk wasu layuka biyu da suka fi haka kusa da juna zasu narke su zama tudu ɗaya. Misali ayodin-131 na asibiti babban layinsa 364, fulutoniyom-239 kuma yana da layuka a 375 da 414, kaga a idon wannan kiristal ɗin unguwa ɗaya suke kuma manhajar da ba a rubuta da kyau ba zata iya ruɗewa. Sannan yana shan danshi kamar gishiri, dole a rufe shi ruf a gwangwanin alminiyom, in ya sami ƴar kafa ko kamar ta allura ce sai ka buɗe bayan watanni ka tarar ya yi rawaya ya daina bada haske yadda ya kamata.

Lantanom buromayid ya zo wajen 2001 daga masu bincike a Delft ta Holan da Bern ta Suwizalan, shi faɗin tudunsa kusan kashi 3 ne, ya ninka wancan kaifi. Amma abin dariya shi kansa yana da radiyeshin a jikinsa saboda lantanom-138 da ke ciki, sai ya zama kana ƙoƙarin sauraren raɗa amma kunnenka na ƙara. Ga tsada. Akwai kuma CZT, wato kadmiyom da zinki da teluriyom, shi ba haske yake yi ba kai tsaye yake bada cajin lantarki, baya buƙatar sanyi kuma kaifinsa kashi 1 zuwa 2 wani lokaci ma ƙasa da haka, sai dai noman kiristal ɗinsa babba mara aibi a ciki yana da wuyar gaske, shi yasa ƙanana ake samu, ƙarami kuwa gamma masu ƙarfi ratsa shi suke su wuce.

Sarkinsu duka tataccen jamaniyom ne. Kusan kashi 0.2, tudun da wancan ke zanawa da faɗin 45 shi zai zana maka da faɗin da bai kai 2 ba, ranar da na fara ganin sifektiram ɗinsa kusa da na sodiyom ayodayid kamar mutum ya sa tabarau ne karo na farko. To amma baya aiki a zafin ɗaki, zafin kawai ya isa ya cika shi da hayaniya, dole a sanyaya shi kusa da sanyin ruwan nitirojin wato 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Da can tulun nitirojin ake jingina masa. Yanzu ana sa masa ɗan injin sanyaya mai aiki da batir, irin su Detective na kamfanin ORTEC, ana ce masa na hannu amma nauyinsa kilo da dama ne, in ya huce kuma sai ka jira awanni kafin ya sake yin sanyin da zai yi aiki. Ba abin da zaka rataya a bel kayi sintiri bane. Kuma ko shi ɗin ba komai yake rabawa ba, radiyom-226 na halitta yana da layi a 186 daidai inda yuraniyom-235 yake, bambancinsu bai kai keV 1 ba, sai dai ka nemi shaidu, in radiyom ne zaka ga ɗansa bismut-214 a 609, in yuraniyom-235 ne zaka ga ƙananan layukansa a 144 da 205.

Kai da kake ɓangaren lantarki ga inda zaka fi jin daɗi. Abin da ke maida walƙiyar kiristal sigina da can wani bututun gilas ne mai ninka haske, yana son wuta kusan volt 1000, yana fashewa in ya faɗi, maganaɗisu na ruɗa shi, ga tsawo. Yanzu an koma ɗan guntun silikon da ake kira SiPM, faɗinsa ƴan milimita, volt ƴan gomomi ya ishe shi, kuma shi ne ya sa aka iya yin na'ura mai sifektiram da zata shiga aljihu. Amma shi kuma zafi ke juya shi. Wannan na koye shi da jikina, mun taɓa haɗa wani samfur mun saita shi tsaf a ɗaki mai iyakwandishan, tudun siziyom na zaune daram a 662, aka bar shi a mota cikin rana na ƴan awanni, da muka sake gwada shi da madogarar gwajin nan dai guda ɗaya, wato ɗan siziyom ɗin da muke gwaji da shi, sai tudun ya zame ƙasa ya bar wurinsa, manhaja ta duba kundinta bata ga kowa a wurin ba ta rubuta mana a sikirin wai sinadarin da ba a sani ba. Siziyom ɗin da muka sani da hannunmu muka ajiye. Ba kiristal ɗin ne ya lalace ba kuma ba kuskuren lissafi bane, zafi ne kawai. Maganinsa ko dai ka sa ma'aunin zafi a manne da shi kana gyara wutar daidai da zafin, ko ka sa ɗan LED mai haske sananne a ciki yana zama maka ma'auni, ko kuma dabarar da nafi so, ka sa manhajar ta riƙa neman tudun potasiyom-40 na 1461 da ke ko'ina a duniya ta ɗaure saitinta a jikinsa. Abin da ke damunmu ɗazu shi ya koma mai taimako.

Sai maganar girma da nisa, wadda ita ce ainihin amsar me yasa ba mai girman waya da zata hango bam daga nesa kamar a fim. Radiyeshin yana raguwa da murabba'in nisa, ka ninka nisa biyu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Bari in ƙirƙiro maka lambobi don lissafi kawai. A ce na'urarka tana ƙirga 100 a daƙiƙa daga radiyeshin na halitta, to ba 100 cif zata riƙa bayarwa ba, tana wasa sama da ƙasa da kusan tushen murabba'in adadin wato 10, yanzu 92 anjima 109. A ce wani abu yana ƙara mata 400 a nisan mita 1. A mita 2 ya koma 100, har yanzu a fili yake. A mita 4 ya koma 25, ana ɗan gani. A mita 10 saura 4, ya nutse cikin wasan 10 ɗin nan ba mai ganinsa. In ka tsaya daƙiƙa 100 a wurin, na halitta ya zama 10,000 da wasan 100, abin kuma ya tara 400, sai ya fito. To amma wa zai tsaya maka daƙiƙa 100, mutum yana tafiya mota tana gudu, daƙiƙa biyu ko uku kake da su. Mafita ɗaya ce ka ƙara girman kiristal, ka ƙara girma kuma ka ƙara nauyi da kuɗi. Wannan ba matsalar da wayo ko sabuwar manhaja zata kawar bace, manhaja zata iya matse duk bayanin da ke cikin ƙirgen amma gamman da bai shigo kiristal ba babu mai ƙirga shi. Duk kamfanin da ya nuna maka abu kamar akwatin ashana yace yana gani daga mita hamsin ka tambaye shi wane sinadari, mai ƙarfin nawa, cikin daƙiƙa nawa, kuma sau nawa yake ƙaryar ƙararrawa a awa, zaka ga murya ta sauka.

Abin takaicin ma kayan da aka fi tsoro su suka fi shiru. Siziyom da kobal ihu suke yi. Tataccen yuraniyom kuwa, wato yuraniyom-235, rabin rayuwarsa shekara miliyan 700 ne, a hankali yake ruɓewa, gammansa mai rauni ne kuma shi kansa ƙarfen yana shanye yawancin nasa kafin ya fito. Fulutoniyom ya ɗan fi sauƙi saboda fulutoniyom-240 da ke cakuɗe da shi yana tsagewa da kansa yana fitar da niyutiron, wani nau'in radiyeshin daban da gamma, kuma niyutiron na halitta kaɗan ne ƙwarai, taki da tayil basa bada shi, shi yasa ƙararrawar niyutiron ba a wasa da ita ko da yake ita ma tana da nata masu halal kamar na'urorin auna rijiyar mai da na auna danshin ƙasa. Shekaru da yawa gas ɗin hiliyom-3 ne maganin kama niyutiron, shi kuma daga ruɓewar tiritiyom na makaman nukiliya ake samunsa mai rabin rayuwa shekara 12.3, bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurka ta shiga kafa manyan ƙofofin bincike a iyakokinta buƙata ta yi sama, wajen 2008 aka wayi gari babu isasshe. Wannan ƙarancin ne ya tura mutane kan litiyom-6 da boron-10, har aka samu kiristal irin CLYC da ke jin gamma da niyutiron a jiki ɗaya, ana raba su ta siffar walƙiyar, wato yadda hasken ke tashi da yadda yake mutuwa. Wannan aikin lantarki ne zalla, irin naku. Akwai kuma wanda duk waɗannan basa ji, foloniyom-210 da aka kashe tsohon jami'in leƙen asirin Rasha Alexander Litvinenko da shi a Landan a 2006 radiyeshin alfa mara ratsa abu yake fitarwa kusan zalla, takarda ma tana tare shi.

A zahiri kuma abin da na'urorin hannu suka fi cin karo da shi ba bam bane, madogaran radiyeshin na asibiti da na masana'antu ne da suka ɓace. A Goyaniya ta Burazil a Satumban 1987 wasu ƴan gwangwan suka kwance kan injin gashin cutar kansa a wani asibiti da aka yi watsi da shi, aka fasa, aka ga gari mai shuɗin haske mutane suna ta rabawa, siziyom-137 ne. Mutum 4 suka mutu, aka auna kusan 112,000, aka samu 249 sun gurɓata. Abin da ya shafe mu a labarin shi ne masanin da aka fara kira ya aro na'ura, tun yana nesa da wurin allurar ta buga ƙarshe, sai ya ɗauka lalacewa ta yi ya koma ya canzo wata. Mai ƙera na'ura ya riƙe wannan, dole ta faɗa da baki cewa abin ya fi ƙarfina ka gudu, don wasu Geiger marasa kyau in radiyeshin ya yi musu yawa shaƙewa suke su nuna ƙasa, wanda shi ne mafi haɗari. A Janairun 1984 kuma wata babbar mota ɗauke da rodi ta yi ɓatan hanya ta bi ta ƙofar cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka na'ura ta yi ƙara, da haka aka gano an narkar da kobal-60 cikin ƙarfe daga Siyudad Huwares ta Meziko. Na kusa-kusan nan shi ne na yammacin Ostireliya a 2023, ɗan ƙwanson siziyom milimita 6 da 8 ya faɗo daga mota a hanya mai tsawon kilomita 1,400, ran 1 ga Fabrairu wata mota mai babbar na'ura tana tafiyar kilomita 70 a awa ta jiyo shi, sannan aka sauka da na hannu aka tsince shi kamar mita 2 daga gefen titi.

Wannan na Ostireliyan shi ne yadda aikin yake tafiya, hawa-hawa. Ƙaramar ta bel mai kiristal na siziyom ayodayid aikinta tace akwai wani abu. Ta jakar goyo ko ta mota mai babban kiristal ta share wuri mai faɗi. Ta hannu mai sifektiram tace ga sunan abin. In an yi shakka a kawo jamaniyom, a tura fayil ɗin ga ƙwararre ya duba da idonsa, shi yasa ma aka yi tsarin fayil na bai ɗaya N42.42 don na'urar kowane kamfani ta iya magana da manhajar wani. Ƙa'idojin gwaji kuma akwai N42.32 na ƙananan bel, N42.34 da IEC 62327 na masu faɗin suna, ka nemo su ka karanta, zaka ga kaso mai yawa ba fiziks bane, a jefar da ita ƙasa, a sa ta a zafi da sanyi da danshi, a kunna rediyo kusa da ita, a ga batir awa nawa yake kaiwa. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA da ke Biyana ita ma tana da littattafan jagora kyauta, kuma tun 1995 take tara rahoton kayan da suka ɓace ko aka kama.

Ta ina zaka fara, ka nemi ɗan kiristal na siziyom ayodayid kamar santimita ɗaya ko biyu, shi baya shan danshi kamar ɗan uwansa sodiyom ayodayid kuma yana jure faɗuwa, ka manna shi da SiPM da man silikon na gani, ka naɗe da farin tef na Teflon sannan baƙi a sama kar haske ko ɗigo ya shiga, sai amfilifaya mai gyara siffar sigina da ADC mai maida sigina lambobi da ƙaramin kwamfuta mai jera tsayin kowace sigina. Kar ka je neman wani abu mai radiyeshin a waje kuma kar ka fasa na'urar gano hayaƙi don ciro amerisiyom, madogaran gwaji na gaskiya a rufe suke kuma sai da lasisi, sashen fiziks na makarantarku shi ne hanya. Kafin nan buhun takin potash ya ishe ka, ka jingina kiristal ɗin a jikinsa ka bar shi ya kwana yana ƙirga tunda ƙarami ne, da safe ka nemi ɗan tudu can wajen 1461. In ka same shi ka rubuta inda ya tsaya, sannan ka ɗora na'urar a wuri mai zafi ka sake kwana ɗaya ka ga inda ya koma, ka turo min zanen biyun mu duba tare.